Kofin Dogo a Kanta ta Sama

Ranar da ya iso gidan, kafin ya gama gaisuwa ya ƙuma goshinsa da saman ƙofar kicin. Auta tana gaban tukunya, ta juyo ta ga wani zabgegen baƙo dafe da goshi, jaka a kafaɗa, yana ba ƙofa haƙuri da yaren garin da bai gama iyawa ba. Ta yi iya ƙoƙarinta ta danne dariya, dariya ta ƙi dannuwa. Daga ranar sunansa ya koma Dogo.

Aikin sa kai ne ya kawo shi daga wata ƙasa mai nisa, zai yi shekara yana gashin ƙashi a cibiyar yara masu lalurar ƙafa. Gidan su Auta sun saba saukar irinsa. Mama takan saya wa kowane baƙo kofin shayinsa, idan wa'adinsa ya cika ya tafi, ta wanke kofin ta kife shi a kanta ta sama, wadda sai an taka kujera ake kaiwa. Kofuna sun yi layi a can, kowanne da mai shi da ya yi kuka a bakin ƙofa ya ce zai dawo. Babu wanda ya dawo. Na Dogo shuɗi ne.

Auta tela ce, kuma tuntuni ta koya wa zuciyarta kada ta saba da mai jaka. To amma wannan baƙon ya cika shisshigi. Shi ne wanke kwanuka duk da faɗan Mama, shi ne riƙe wa Baba fitila idan yana gyaran famfo, kuma bas ɗaya suke shiga da safe. Wata rana ya kawo mata maɗaurin takalmin ƙarfe na wata yarinya da ya tsinke, ta ɗinke. Daga nan kullum sai wani maɗauri ya tsinke, har ta fara zargin da almakashi yake taimaka musu.

Da rana saƙonsa zai shigo:

"Telata, yarinyar nan ta taka da kanta yau. Ke na fara tunawa."

Ita kuma ta mayar:

"Dogona, ka sunkuya in za ka shigo. Goshin nan yanzu ba naka ba ne kai kaɗai."

Mama ta gano su tun kafin su gano kansu, ta yi kamar ba ta gani ba. Baba kuwa hankalinsa ya fi kwanciya da mai kantin magani na bakin titi, wanda ya daɗe yana ziryar kawo ɗinkin da ba ya buƙata, kuma babu inda za shi. Da tafiya ta matso, Dogo ya durƙusa gaban Baba ya faɗi abin da ke ransa. Baba ya ce:

"Ɗana, ban ƙi ka ba. Amma duk wanda ya kwana a ɗakin nan ya ce min zai dawo. Je ka gida, ka ga iyayenka, ka huce. In ƙafarka ta sake kawo ka, sai mu yi magana."

Dogo ya tashi da murna, don a wurinsa an buɗe masa ƙofa ne. Da safiyar tafiyarsa ya sha shayi, ya wanke kofinsa, ya ga kanta ta ƙasa ta cika, sai kawai ya miƙa hannu ya kife shi a sama. Babu wanda ya taɓa gaya masa labarin kofunan, abu ne da 'yan gida suka sani ba sa faɗa.

Auta ta shigo bayan fitarsa, ta ɗaga kai, ta ga shuɗin kofin a kife a layin na sama. Ko Mama ma sai baƙo ya tafi take kifewa, shi kuwa da hannunsa ya kife. Ta ce akwai mai jiran ɗinki a shago, ta ƙi raka shi tasha.

Watanni suka shuɗe. Saƙonninsa suna zuwa, tana karantawa har ta haddace, ba ta amsawa. Ya ce yana neman aiki na dindindin a cibiyar, ta ce a ranta duk haka suke cewa. Amma kewa ba ta jin magana. A bas takan matsa ta bar wuri ba ta sani ba. In aka taɓa ƙofar kicin sai kunnenta ya jira ƙarar da ba za ta zo ba. Ta rame, ta daina yi wa Baba tsiya, gidan ya yi shiru.

Da mai kantin magani ya ce zai turo manyansa, Baba ya nemi amsarta. Ta roƙi a ba ta lokaci, ta shiga shago ta rubuta wa Dogo:

"Tunda da hannunka ka kife kofinka a sama, me ya rage mu faɗa?"

"Wane sama? Ta ƙasa ce ta cika, na ga wuri na ajiye."

Ta yi masa bayanin kofunan. Amsarsa ta zo nan take:

"Telata, ni kofi na wanke, ban yi bankwana ba. Ashe saboda wannan na yi ta rama? Kada ki sauko da shi. Ki jira ni."

Ta kifa kai a kan keken ɗinki, tana dariya tana kuka.

Wata rana da yamma tana yanka albasa ta ji gum! a bakin ƙofa. Ba ta juyo da sauri ba, tana tsoron kunnenta ne ke yaudararta. Sai ta ji Mama tana salati. Ga shi nan dafe da goshi, kawunsa da ya zo nema masa aure na bayansa, an kuma ɗauke shi aiki a cibiyar.

Baba ya jawo kujera, ya taka duk da ciwon gwiwarsa, Dogo ya miƙa hannu zai taimaka ya ture hannun. Ya sauko da shuɗin kofin, ya ɗauraye ƙurar, ya zuba shayi da kansa.

"Karɓi, ɗana. Kai ne na farko."

Bayan ɗaurin aure Baba ya haɗa hannayensu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa duk inda ɗayansu ya je ya dawo wa ɗaya. Mama ta amsa da amin tana share ido da gefen mayafi, sannan ta ce gobe a kira kafinta ya ɗaga ƙofar kicin, kada surukinta ya ƙare da tabo.

Auta ta ce a bar ƙofar yadda take. Da ita take sanin mijinta ya dawo gida.