Maki Goman Marar Aure

"Ajiye shi, Sakiusa! Ka ajiye na ce!"

Ko ɗagowa bai yi ba. Naɗe tabua yake a ƙyalle, haƙorin babban kifin tekun da danginsa suka kawo gidanmu a Savusavu suka nemi aurena da shi. Igiyar ɓawon kwakwar da ke jikinsa ma shi ya tufka.

"Litiana, maki nawa suka rage miki?"

"Goma..."

Ostareliya da maki take ɗaukar ma'aikatan jinya irina. Marar aure ana ƙara mata goma. Mai mijin da ba shi da takardar sana'a ko ta Turanci, ko ɗaya. Sakiusa kuwa rabin kwalekwalen garinmu shi ya sassaƙa, amma ko takarda ɗaya ba shi da ita.

Nana, mahaifiyata, ta ɗago daga ɓarar rogo. "Rubuta ba ki da kowa mana! Kwalekwale za ki ci?"

"Ba za ta shiga ƙasar mutane da ƙarya ba, Nana," in ji shi. "In za ta rubuta haka, to ya zama gaskiya."

Ya share min hawaye da babban yatsansa mai kaushi.

"Shekara biyu kawai, 'yar lelena. Ki tsaya da ƙafarki, in sake kawo shi."

Biyu ta zama bakwai, kuma ni ce na yi ta ɗagawa. Yau jarrabawa, gobe canjin asibiti. A birnin Darwin na Ostareliya, duk sanda na wuce shagon kafinta sai in tsaya kamar wawuya ina shaƙar ƙanshin katako, don irin ƙamshin gashin Sakiusa ke nan. Na yi kewarsa, wallahi, sai dai kewa daga nesa ba ta da wahalar ɗauka.

Da na koma Savusavu, gidan kawuna na fara shiga gaisuwa. Ga tabua rataye a bango. Igiyar na gane, tufkar Sakiusa ce.

Mereoni, 'yar kawun nawa, wadda ta fi kowa zaƙewa wajen cike min takardun tafiya, ta fito da ciki tana sunkuyar da kai.

A bakin ruwa na sami Sakiusa yana feƙe katako.

"Kin samu goman?"

"Na samu."

"Madalla," ya ce.

Har yau in an miƙo min takarda, gurbin marar aure nake cikewa. Babu ƙarya a ciki, kamar yadda ya so.