Rabin Ƙwaya

"Mayar da zobenka aljihu, Wilfrido. Ba zan aure ka don kati ba."

Haka 'yata Yuleidis ta ce wa likitan garinmu, a gabana, a cikin ɗan asibitinsa da babu kowa sai bencuna. Ya tsaya riƙe da zoben.

"Sarauniyata, ki tsaya ki ji..."

Ba ta tsaya ba.

Ta fice, ta bar ni da shi, shi yana kallon ƙofa, ni ina kallon ƙasa. Domin ni na jawo.

Sunana Nicolasa. Kifi nake sayarwa a tashar jiragen ruwa, bakin kogin Magdalena. Ban yi makaranta ba, bakina kuma ba ya da linzami. Yuleidis ita kaɗai gare ni, kuma tana da farfaɗiya tun tana 'yar shekara tara. Na taɓa tsamo ta daga kwanon wanki fuskarta a cikin ruwa. Wanda bai ga haka ba kada ya yi mini maganar tsoro.

Dokta Wilfrido ya zo garinmu shekara huɗu da suka wuce. Shi ya gano maganin da ya karɓe ta, ƙwaya ɗaya safe, ɗaya yamma. Shekara uku ba ta faɗi ba. Daga duba lafiya ya koma zuwa gidanmu cin rogo da soyayyen kifi kowace Lahadi, wai ya zo auna jinina. Jinina lafiyarsa lau. Na yi kamar ban gane ba.

Sai gwamnati ta sauya tsarin inshorar lafiya. Aka rushe kamfanin da mu talakawa muke ciki, aka kwashe sunayenmu kamar buhunan shinkafa aka miƙa wa wani kamfani. Ba wanda ya tambaye mu. Sabon kamfanin ya ce asibitin Wilfrido ba ya cikin jerinsa. Takardar maganin da ya rubuta ta zama takardar naɗe kifi. Duk mai son magani sai ya hau jirgi awa uku zuwa birnin Magangué, ya bi layi, a ba shi ranar ganin wani likita bayan wata biyu.

Cikin sati shida bencunan asibitinsa suka bushe. Ya sallami nas ɗinsa, matar tana kuka shi yana kuka. Ya cire wutar firjin allurai. Masu zuwa da ayaba da kaza har yanzu yana duba su, amma kaza ba ta biyan haya.

Maganin Yuleidis tsada gare shi. Wata biyu yana saya mata da kuɗinsa. Da ta ji babur ɗinsa ya sayar, ta rantse ba za ta ƙara karɓa ba.

To, ga inda na ɓata. Wata rana a kasuwa wata mata ta gaya mini cewa likitoci suna da nasu katin inshorar, mai kyau, kuma matar likita tana shiga cikinsa. Ni kuwa na buɗe baki a gaban masu kifi na ce ai kuwa Dokta ya yi sauri ya aure ta mu huta. Aka yi dariya. Raha nake yi.

Kafin Lahadi maganar ta isa kunnen Marelvis, 'yar mai babban asibitin Magangué, wanda sabon kamfanin ya ba wa duk marasa lafiyarmu. Tun suna makaranta take bin Wilfrido. Ta ɗauki maganata ta kai wa uwarsa, Doña Eufemia, da gishiri a kai.

Doña Eufemia ta zo har teburina da laima da turare. Ta ce ta ji muna farautar ɗanta don kati. Ta ce uban Marelvis ya ajiye masa ofis mai sanyi, kuma ba ta haifi likita don ya ƙare yana jinyar mace mai faɗuwa ba. Na ce mata abin da ba zan rubuta a nan ba. Yuleidis tana bayana tana fere kifi, ta ji komai.

Shi ya sa da ya fito da zobe, ta ga kati.

Bayan wannan ta daina zuwa inda yake. Ya aiko, ya zo da kansa, ta rufe ɗaki. Na tambaye ta maganin, ta ce akwai saura. Na yi mamaki, don na san ya kamata ya ƙare, amma na yi shiru saboda ina so in yarda.

Rannan ina shara na ga wuƙar fere kifi a ƙarƙashin matashinta, da farin gari a bakin wuƙar. Na buɗe kwalbar.

Rabi-rabi ne duka.

Tsaga su take yi don su kai ta ranar ganin likita. Haka duk matan layinmu suke yi da maganin hawan jini, ni ma na sha gani, ba mu ɗauke shi komai ba. Amma wannan maganin farfaɗiya ne. Na ce mu je wurin Wilfrido. Ta ce jibi ne ranarta a Magangué, in yi haƙuri.

Kwana biyun nan ko banɗaki ta shiga ina tsaye a ƙofa.

Ranar, da hantsi, muka hau jirgi. Na zaunar da ita a tsakiya, na riƙe siket ɗinta. Direba bai ko tayar da inji ba na ji jikinta ya sandare. Idanunta suka juye. Ta fizge daga hannuna, ta bugi gefen jirgin, rabin jikinta ya tafi ruwa.

Na cafko gashinta.

Gashinta kawai nake riƙe da shi, kogin yana ja, ina ihu. Maza biyu suka jawo ta. Tana jijjiga a kan katako, leɓenta ya yi shuɗi, wata tana neman cokali ta cusa mata a baki. Sai ga Wilfrido a guje, ba takalmi a ƙafa ɗaya. Ya ture mai cokalin, ya kwantar da ita a gefe, ya yi mata allura, yana kiran sunanta a hankali. Na ga fuskarsa. Ya fi ni tsoro.

Da ta farfaɗo a asibitinsa, na nuna masa kwalbar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya gaya mata cewa rabin ƙwayar nan daidai yake da babu, kuma da kogin ya tafi da ita, da shi ma an gama da shi.

Ta juya fuska bango. "Tausayina kake ji."

"Tausayi? Yuleidis, mutum ɗari uku aka raba da magani a garin nan. In don tausayi ne duk zan aure su, har da mamarki."

Na ce Allah ya kiyaye, ban ga abin aure a jikinsa ba.

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ya durƙusa a gefen gadon. Ya ce tun jiya ya kira uban Marelvis ya ce ba ya son ofishin. Ya ce ba shi da babur, ba shi da nas, bai san ko asibitin zai kai Kirsimeti ba.

"Abin da ya rage mini ke ce, sai wannan katin banza. Ki karɓe ni, ki ƙi katin in kina so... amma kada ki ƙi, don Allah."

Ta miƙa masa hannu.

An ɗaura auren a ofishin rajista, ba ganga, ba biki. Doña Eufemia ta zo a makare ta zauna a baya. Da aka tashi ta gyara wa Yuleidis wuyan riga. Ni ba mu gaisa ba.

Kwana goma sha tara sunanta ya ɗauka kafin ya shiga katin. Wilfrido ya aro magani daga wani abokinsa ya cike kwanakin. Yanzu kwana uku a sati yana aikin awa-awa a wani asibiti can sama da kogi, minti goma sha biyar kowane mara lafiya, sauran kwanakin ya buɗe nasa. Kullum da safe ina zuwa in tsaya a kanta sai na ga ta haɗiye ƙwayar sukutum.

'Yata ta tsira, na gode wa Allah. Amma fushina bai huce ba. Na kai ƙara gaban alƙali, da sunayen mata arba'in da bakwai na layinmu, a mayar mana da likitanmu cikin jerin kamfanin. Magatakarda ya ce in koma gida in jira.

Na ce masa zan jira a nan kan bencinsa. Likita ɗaya ne a garinmu, kuma an riga an aure shi.