Miƙar Kumurci a Zauren Gogo

"Ki haƙura da ni, Rufaida... ki nemi wani."

Ɗayyabu ne ya faɗa, yana jingine da bangon zauren kakata Gogo, hannunsa dafe da ƙugu.

"Mi na yi maka?" na tambaya.

"Ba ki yi komi ba, sanyin idona. Bayana ne. Mutumin da ba ya iya zama bisa moto, da mi zai riƙe mata?"

Kabu-kabu yake yi da babur tsakanin Allakaye da Buza, kuma duwatsun hanyar sun gama da bayansa. A asibiti lokotoro ya ce ƙashi lafiya lau, naman bayan ne ya yi rauni, sai ya riƙa motsa jiki. Shi kuwa bai san ta inda zai fara ba.

Ni na sani. Lokacin da na yi jinyar yayata a Madawa, wata ma'aikaciyar lafiya ta koya mana wata miƙa ta yoga, motsa jikin Indiyawa, da ake kira kumurci.

Na shimfiɗa masa tabarma, na juya na fuskanci bango saboda kunya. Gogo na zaune tana kaɗi.

"Kwanta rubda ciki. Tafin hannu ƙarƙashin kafaɗa. Ɗaga ƙirji sannu... kar ka ɗaga ƙugu. Ja numfashi. In ka ji zafi, sauka."

"Rufaida, kamar ƙadangare nike."

"Ƙadangarena ne ai."

Gogo ta yi dariya har mazarinta ya faɗi.

Kullum da hantsi haka muke yi. Kafin gero ya fitar da kai, Ɗayyabu ya daina tafiya a duƙe, barci ya dawo masa, har ya koma bisa moto.

Sai Aƙilu, ɗan baffana da ya daɗe yana so na, ya leƙo wata rana. Nan take ya wuce wurin Baba.

"Ɗiyarka na koya ma saurayi bautar Indiyawa," in ji shi.

Baba ya aiko kiranmu. Muka je, na durƙusa gefe. Ya dubi Ɗayyabu, fuska ba walwala.

"Gwada mini abin nan."

Ɗayyabu ya kwanta gaban Baba da baffannina, ya ɗaga ƙirji a hankali, gumi na zuba masa don kunya.

"Akwai abin da kake karantawa?"

"Babu, Baba."

"Akwai inda kake fuskanta?"

"Duk inda tabarma ta kalla."

"Wa ke wurin in kuna yi?"

"Ni," Gogo ta amsa daga bakin ƙofa. "Idona biyu. Yarinyag ga bango take kallo tun farko."

Baba ya juya ga Aƙilu.

"Wagga miƙa ce. Ko jakina yana yi in ya tashi. Tashi ka ba ni wuri."

Ya sake duban Ɗayyabu.

"Wanda ya kwanta ƙasa gaban surukai don ɗiyata bai zo da wasa ba. Ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura mana aure.

Safiyar farko a ɗakinmu, na idar da salla na tarar ya shimfiɗa tabarmi biyu gefe da gefe.

"Malama," ya ce yana murmushi, "duk watannin nan muryarki kawai nike ji. Gyara mini in ina kuskure."

Na tsaya na kalle shi ya ɗaga ƙirji. Kafaɗunsa sun haye har kunne, gwiwar hannu ta baje waje.

"Masoyi... ashe haka kake yi tun damina?"

Na sa hannu na saukar masa da kafaɗun, muna ta dariya.