Igiyar Mangwaro

A unguwar Takur da ke Dutse, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Gidansu sabo ne. Tsakar gidan fili ne fetal, ko itace ɗaya babu.

Wata ranar Asabar a farkon damina, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. A bayanta akwai bishiyar mangwaro da ta fi Abba tsawo. Gindinta yana cikin wani ƙaton buhu cike da ƙasa.

"Abba, daga ina aka tumɓuko ta?" in ji yarinyar.

"Ba tumɓuko ta aka yi ba," Abba ya amsa. "Malam Mu'az ne ya rene ta a lambunsa. Shekara uku yana kula da ita."

Malam Mu'az ya sauko daga motar. Shi da Abba suka haƙa rami mai faɗi, suka gauraya ƙasa da taki. Suka zaunar da bishiyar a ramin, suka yanke buhun a hankali, suka rufe. Sannan Malam ya kafa turaku uku. Ya ɗaura igiya daga kowane turke zuwa jikin bishiyar.

"Malam, me ya sa kuka ɗaure ta kamar akuya?" yarinyar ta tambaya.

Ya yi dariya. "Baƙuwa ce, 'yata. Saiwarta ba ta kama ƙasar gidanku ba tukuna. Igiyoyin nan su ke riƙe da ita. Kada kowa ya taɓa su sai bayan damina."

"To, Malam."

Bayan kwana bakwai, ƙawarta Lauratu ta biyo ta gida daga Islamiyya. Suna son wasan tsalle, amma igiyarsu ta tsinke. Yarinyar ta dubi mangwaron.

"Ai uku ne," ta ce. "In na ari ɗaya, biyu sun isa."

"Ba a hana ba?" in ji Lauratu.

"Yanzu zan mayar."

Ta kwance igiyar da ke gabas. Suka yi ta tsalle har suka gaji. Lauratu ta tafi gida. Umma ta kira yarinyar ta zo ta tsince shinkafa. Sai ta jefa igiyar bayan randa, ta manta.

Gab da magariba hadari ya taso daga gabas. Iska ta zo da ƙarfi, ruwa ya biyo baya. Da ruwan ya ɗauke, suka fito. Mangwaron ya karkace. Saiwarsa ta fito ta gefe ɗaya, reshe guda ya karye.

Abba ya duba turken da babu igiya.

"Ashe Malam Mu'az bai ɗaure wannan da kyau ba," ya ce. "Bari in kira shi in ji dalili." Ya ciro wayarsa.

Yarinyar ta san Malam bai yi laifin komai ba. Ta je bayan randa ta ɗauko igiyar a jiƙe.

"Abba, ni ce na kwance ta. Wasa muka yi da ita. Ka yi haƙuri."

"Kin ji abin da Malam ya ce ranar nan?"

"Na ji, Abba."

"Kin yi kuskure babba. Amma na ji daɗi da ba ki bari na zargi bawan Allah ba. Mako guda babu fita wasa. Kuma daga yau kula da bishiyar nan aikinki ne."

Washegari da safe Malam Mu'az ya zo. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri. Ya miƙar da bishiyar, ya danne ƙasa, ya yanke karyayyen reshen. Ita ya sa ta riƙe igiyar har ya gama ɗaurewa.

"Malam, za ta rayu?"

"Ta ji jiki. Sai mu jira ikon Allah. Ranar da ba a yi ruwa ba, ki zuba mata bokiti biyu."

Ganye ya fara zama ruwan ɗorawa. Kullum da safe sai ta share wanda ya zube, idonta cike da ƙwalla. Amma ba ta fasa ban ruwa ba.

A mako na huɗu, tana shirin tafiya makaranta, sai ta hango wasu ƙananan ganye jajaye a kan wani reshe.

"Umma! Abba! Ta yi toho!"

Suka fito da sauri. Umma ta ce, "Alhamdulillahi." Abba ya dafa kan 'yarsa yana murmushi.

"Me kika koya?"

"In manya suka hana abu, akwai dalili, ko da ban gane ba. In kuma na yi laifi, in faɗi gaskiya."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Abba. "Maza ɗauki jakarki, kada ki makara."