Motar Kifi Mai Ƙamshin Biki

Ranar Talata da hantsi aka tarar da motar Alhaji Hammadu, dillalin busasshen kifi a Gashua, ta wuntsila cikin fadama dab da Nguru, tayoyi sama kamar mushen jaki. Ba kowa a ciki. Kafin azahar Alhaji ya iso caji ofis yana haki, wai direbansa Hamajoɗa ne ya sace ta ya kayar. Nan take aka tura Hamajoɗa bayan kanta.

Sufeto Musbahu ya je ya zura kai cikin motar. Ya shaƙa, ya sake shaƙa. Babu ƙarnin kifi ko kaɗan, sai ƙamshin turaren wuta.

Ya dawo kan direba.

"Yaushe rabonka da wanke motar nan?"

"Yallaɓai, shekara huɗu ruwa bai taɓa ta ba. Alhaji ya ce ƙarni albarka ne."

"Ina kake da safe?"

"Kwance da zazzaɓi. Shi da kansa ya zo ya karɓi makulli."

Sufeto ya buga wa Malama Nuraini ta kamfanin inshora waya.

"Inshorar ɗaukar kifinsa kawai ya yanka," in ji ta. "In sace ta aka yi, za mu biya. In fasinja ya ɗauka haya, ko sisi."

Daga nan Sufeto bai nufi tasha ba, gidan mai ɗori na Nguru ya nufa. Mata tara ya samu a zaure, anko iri ɗaya, ƙafafu sun sha lalle, kowacce na nishi. Babbarsu, Hajja Fanne, ya ɗauko zuwa ofis da hannunta a ɗaure.

"Ɗan nan, dubu bibbiyu Alhaji ya karɓa zai kai mu biki," in ji ta. "Muka ce ba ma shiga taro da ƙarni. Ya wanke, muka turara. Sannan ya tuƙa da kansa, mutumin da ko keke bai iya ba!"

Aka shigo da Alhaji.

"Ɓarawo sauri yake yi, Alhaji," in ji Sufeto. "Ba ya tsayawa hura gawayi ya turara mota. Ka san fasinja sun kashe maka inshora, shi ya sa ka laƙa wa marar lafiya sata."

"Taimako na yi."

"Taimakon dubu bibbiyu?"

Aka buɗe kanta, Hamajoɗa ya fito, Alhaji ya shiga. Ya riƙe ƙarfe, ya sassauta murya.

"Yallaɓai, to in ka rubuta kifi ne a ciki fa?"

Hajja Fanne ta miƙe, ta cire takalmi da hannunta mai lafiya.

"Sufeto, buɗe min ƙofar nan. Ya nuna min wace ce kifin a cikinmu."