Sarkin Dajin da Ya Hana Ɗibar Kirare

A can wani zamani, a wani gari, aka naɗa wani mutum Sarkin Daji. Al'adar garin ita ce in kaka ta yi a kwashe busassun rassa, a share hanya kewaye da dajin don tare gobara. Shi kuwa da rawani ya hau kansa, sai ya ga sarauta ba ta cika sai da hani.

Mata suka zo ɗibar kirare, ya ce, "Ba a taɓa mini daji."

Makiyaya suka kawo shanu su rage ciyawa, ya ce, "Ba a taɓa mini daji."

Dattawa suka roƙa a share hanyar, ya ce, "Ba a taɓa mini daji."

Ciyawa ta bushe tana iya wuya, shi kuwa Sarkin Daji yana ta nuna wa baƙi. Ran nan wani mai ɗibar zuma ya yar da bakin wuta. Gobara ta lashe ɗorawa da kaɗanya, ta nufi rumbunan Sarkin Daji. Ya sheƙo gari ba rawani, yana neman ɗauki.

Wata tsohuwa ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, ita wutar ba ka gaya mata ba a taɓawa ba?"