Yatsu Biyu a Gindin Tukunya

Ban runtsa ba har gari ya waye. Tambaya guda ce ta kwana tana cin zuciyata: yatsan wane ne kusa da nata?

Na sami budurwata a rumfar ginin tukwane, yumɓu har gwiwar hannu. Na kife tukunyar ƙarfen da na sayo jiya a gabanta.

"Wannan fa?"

"Ko sallama babu, ɗan boko?"

Duk tukunyar da ta gina, takan danna babban yatsanta a gindi kafin ta bushe. Shaidarta ke nan. Wannan kuwa ta fito ne daga hannun maƙerin da mahaifinta ya fifita a kaina, ga shatin yatsu biyu manne da juna.

"Maƙerin da bakinsa ya faɗa mini," na ce. "Wai naki ne da nasa... Wai mai ƙarfe ke riƙe gida, ba mai takarda ba!"

"Kai kuma ka yarda?"

"Kullum kina maƙerarsa!"

"Kullum Baba na aike na."

Ta wanke hannunta a natse.

"Ka san yadda ake zubin ƙarfe? Tukunyar ƙasa ake dannawa a rairayi, a cire, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinta. Duk abin da ke jikinta sai ya fito. Samfur ya nema, Baba ya ba shi wadda na hana a sayar... Sa yatsanka."

Na sa. Ya zauna daram, har da karkacewar da nake da ita tun ƙuruciya. Sai na tuna ranar da ta kama hannuna tana dariya, ta danna shi a ɗanyen yumɓu.

Kunya ta rufe ni.

"Shi ya yi ƙarya, kai ka zarge ni," ta ce, idonta ya ciko. "Wanne ya fi ciwo?"

"Ki yafe mini, hasken idona..."

"Na yafe, masoyi. Amma shi manyansa ya turo wa Baba. Kai me ka kawo? Tukunya!"

Na juya na fita. Na wuce gidan kawuna, wanda ya sha rantsuwa ba zai nema mini 'yar masu tukwane ba. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa gabansa, ban tashi ba sai da ya ce a miƙo masa hularsa.